Kwastomomi sun ce suna so, mun gina, sun ƙi amfani da shi: a ina muka kuskure?

Tambaya: "Mu ƙaramin kamfani ne, muna da manhajar da ƙananan 'yan kasuwa ke rubuta lissafin kaya da basussuka a ciki. Mun tura tambayoyi 30 ga mutum 2,000 masu amfani da ita, 140 suka amsa, kuma kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka amsa sun ce suna so a ƙara sashen da zai riƙa fitar musu da rahoton ribar wata. Wata huɗu muka yi muna gina shi, yanzu kusan babu mai buɗe shi. A ina muka kuskure, kuma yaya ake amfani da binciken jin ra'ayin kwastomomi wajen ƙera haja?"

Amsa: Kuskuren ya auku tun kafin amsar farko ta shigo. Wuri uku ya shafa: irin tambayar da kuka yi, mutanen da suka amsa, da yadda kuka karanta kashi 80 ɗin nan. Na farkon ya fi nauyi, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Idan aka ce wa mutum "kana so a ƙara maka kaza?", ba a ɗora masa komai ba. Ba zai biya ba, ba zai rasa wani abu a madadinsa ba, sannan cewa a'a kamar gwasale mai tambaya ne. Da kun jera musu abu goma daban, da mafi yawansu sun samu irin wannan rinjayen. Masu nazarin hanyoyin bincike sun daɗe da sanin cewa ɗan Adam yana karkata ga amincewa da abin da aka gabatar masa, musamman in tambayar ta "eh ko a'a" ce. Ga kuma son a ga mutum da daraja: da wuya ɗan kasuwa ya rubuta cewa rahoton riba bai dame shi ba, ko da kuwa bai taɓa zama ya lissafa ribar wata guda ba. Ba yaudararku suka yi ba. Kansu suka kwatanta yadda suke fatan zama.

Maganin wannan shi ne a daina tambayar gobe, a tambayi jiya. Maimakon "za ka yi amfani da rahoton riba?", sai a ce: "Yaushe rabonka da lissafa ribar wata guda?" a ba shi zaɓi: cikin wannan watan, cikin wata uku da suka wuce, fiye da haka, ban taɓa ba. A biyo da: "Da me ka yi lissafin?" littafi, kalkuleta, wata manhajar, ko wani ne ya yi maka. Sannan: "Kusan minti nawa ya ci maka?" Mutumin da yake ɓata awa biyu kowane ƙarshen wata da biro da littafi, shi ne mai buƙatar sashen nan, domin ya riga ya nuna buƙatar da wahalarsa. Wanda bai taɓa yi ba, sauƙaƙa masa aikin ba lallai ya sa ya fara ba. Mutane suna iya tuna abin da suka aikata kwanan nan, amma hasashen abin da za su aikata nan gaba rauni gare shi ƙwarai.

Daga nan sai tsarin aikin, wanda nake ganin a nan mafi yawan kamfanoni suke sa keke gaban doki ba su sani ba. Takardar tambayoyi ba ta gano matsala. Aikinta ƙirga yawan masu matsalar da aka riga aka gano. Dalili kuwa, zaɓin da kuka rubuta a cikinta daga kanku ya fito, mai amsawa ba zai iya zaɓar abin da ba ku sa ba. Saboda haka hira ake farawa da ita: mutum 8 zuwa 12 daga kowane rukunin kwastomomi, minti 30 zuwa 45 kowanne, ana cewa "nuna min yadda ka rufe lissafin jiya", ana kallo, ana rubutawa. Idan an kai inda mutum uku a jere ba su faɗi sabon abu ba, a tsaya. Abin da ya yi ta maimaituwa a hirar shi za a kai cikin takardar tambayoyi, kuma da kalmomin da su suka furta. In su "bashi" suke cewa, kada ku rubuta "kuɗaɗen da ake bin abokan hulɗa". Wata ƙila da kun yi wannan hirar, da kun tarar abin da ke hana su barci shi ne tuna wa masu bashi lokacin biya, riba kuwa da ka suke ƙiyasta ta kuma hakan ya ishe su.

Kafin a rubuta tambaya ko ɗaya, a rubuta hukuncin da ake son yankewa da kuma sharaɗinsa. Misali: "Za mu gina rahoton riba idan aƙalla kashi 30 na masu buɗe manhajar kowane mako sun lissafa ribarsu da hannu cikin wata uku da suka wuce. In bai kai ba, mun ajiye shi." Adadin ku za ku tsayar gwargwadon kuɗin da aikin zai ci, muhimmin abu dai a rubuta shi kafin sakamako ya fito. In ba haka ba, kowane adadi ya fito za a samu mai fassara shi yadda ya dace da abin da ransa yake so. Wannan sharaɗin kuma shi ne almakashin yanke tambayoyi. A ɗauki kowace a ce: in amsar ta zo haka me za mu yi, in ta zo akasin haka me za mu yi? Idan aikin ɗaya ne, a goge ta. Da wannan, tambayoyinku 30 za su koma 8 ko 10, abin da mutum zai gama cikin minti biyar a waya. Doguwar takarda illa biyu gare ta: wasu su watsar a tsakiya, waɗanda suka daure kuma su fara danna layi ɗaya daga sama har ƙasa don su huta.

Game da rubuta tambayoyin kansu, ga abubuwan da suka fi ɓata sakamako. Tambaya mai kai biyu, irin "manhajar tana da sauri da sauƙin amfani?", wanda yake ganin tana da sauri amma tana da wuya ba shi da amsa. Tambaya mai jan hannu, irin "yaya ka ji daɗin sabon tsarinmu?", ta riga ta ɗauka ya ji daɗin. Kalmomi marasa iyaka, irin "sau da yawa" ko "lokaci-lokaci", kowa da ma'anarsa, a sa adadi: kullum, sau 2 zuwa 3 a mako, sau ɗaya a mako, ƙasa da haka. Zaɓin da ke hawa kan juna, irin 1 zuwa 5 da 5 zuwa 10, mai biyar bai san inda zai faɗa ba. Idan za a yi amfani da ma'aunin nan mai matakai biyar da Rensis Likert ya fito da shi a 1932, a sa wa kowane mataki suna, a daidaita ɓangarorin biyu, biyu na yarda, biyu na rashin yarda, ɗaya a tsakiya. Jerin zaɓi kuwa a sa manhajar binciken ta riƙa cakuɗa shi ga kowane mai amsawa, saboda a rubuce ido ya fi sauka kan na sama. A bar zaɓin "bai shafe ni ba" inda ya dace. Tambayar shekaru da girman sana'a a kai su ƙarshe. Tambayar da ake rubuta amsa da hannu kada ta wuce ɗaya ko biyu, amma kada a rasa ta, don sau da yawa a nan ake tsintar abin da ba a yi zato ba.

Kafin a tura wa jama'a, a zaunar da mutum biyar daga cikin kwastomomi su amsa a gabanku, suna faɗin abin da suka fahimta da kowace tambaya da babbar murya. Aikin yini ɗaya ne, kuma kusan kullum sai ya fallasa tambayar da kuke ganin a fili take alhali kowa da yadda ya karanta ta.

Yanzu batun su wane ne suka amsa. Mutum 140 cikin 2,000 kashi 7 ne cikin ɗari. Ƙarancin ba shi ne babban abin damuwa ba, bambancinsu da sauran 1,860 ɗin ne. Wanda zai zauna ya amsa tambaya 30 kyauta galibi ɗaya ne cikin biyu: masoyin hajar ƙwarai, ko wanda ta ɓata wa rai ƙwarai. Mai amfani na gama-gari, wanda shi ne mafi yawa, shiru yake yi. Yawan amsa ba ya gyara wannan. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta tura takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta yi hasashen Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya lashe da gagarumin rinjaye. Sunayen da ta tura wa daga kundin masu tarho da masu rajistar mota aka fi samo su, a lokacin da waɗannan abubuwa na masu hali ne, sannan waɗanda suka ɗauki wahalar mayar da amsa sun bambanta da waɗanda suka yi shiru. Mai binciken jin ra'ayin jama'a George Gallup, da mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawan ba, ya faɗi wanda zai ci daidai.

Ku kuna da gatan da mujallar ba ta da shi: kun san halin kowane mai amfani daga bayanan manhajar. Ku kwatanta waɗanda suka amsa da waɗanda ba su amsa ba ta fuskar yawan buɗe manhaja, daɗewa a kanta, da ko suna biya. Idan masu buɗe ta kullum su ne kashi 15 na jama'arku amma su ne kashi 60 na masu amsawa, kun san muryar wa kuka ji. Hanyar da ta fi ita ce a raba jama'ar rukuni-rukuni tun farko, sababbi, masu amfani sosai, masu leƙowa jefi-jefi, da waɗanda suka daina, a zaɓi mutane ta hanyar ƙuri'a daga kowane rukuni, a bi su da tunatarwa sau ɗaya bayan kwana uku ko huɗu. Rukunin ƙarshen nan, waɗanda suka tafi, shi ne ake mantawa da shi, kuma shi ya fi sanin inda hajar ta gaza. Tambaya biyu ta ishe su: me kake amfani da shi yanzu a madadinta, kuma me ya faru a ranar da ka daina?

Sai lissafi. Akwai ƙiyasi mai sauƙi na tazarar kuskure, wato yadda sakamakon zai iya kauce wa ainihin ra'ayin jama'ar gaba ɗaya, idan an zaɓi mutanen ta ƙuri'a: amsa 100 tana ba da kusan maki 10 sama ko ƙasa, 400 kusan maki 5, 1,000 kusan maki 3. A lura, don rage tazarar da rabi sai an ninka yawan amsa sau huɗu. Amsarku 140 tana da tazarar kusan maki 8. Da zarar kun tsaga ta gida huɗu, kowane gida mutum 35 ne, tazarar ta haura kusan maki 17, wato bambancin kashi 55 da kashi 65 tsakanin rukuni biyu ba ya nufin komai. Kuma wannan lissafin, kuskuren da ke zuwa daga waɗanda ƙuri'ar ta faɗa wa kaɗai yake aunawa. Karkatar da ta fito daga muguwar tambaya ko daga waɗanda suka ƙi amsawa ba ta cikinsa.

Idan kuna da abubuwa da yawa da kuke tunanin ginawa, dole ku tilasta wa mai amsawa ya zaɓa, tunda ku ma zaɓar za ku yi. Mafi sauƙi: a ba shi maki 100 ya raba wa abubuwa biyar ko shida. Wanda ya fi inganci: a riƙa nuna masa huɗu-huɗu daga jerin, kowane zagaye ya nuna wanda ya fi masa muhimmanci da wanda ya fi rashin muhimmanci, a maimaita da cakuɗe daban-daban. A ƙarshe jerin zai fito da tazara a fili, maimakon komai ya zama "yana da muhimmanci sosai".

Akwai kuma tsarin da farfesan Japan Noriaki Kano da abokan aikinsa suka wallafa a 1984 (Kano a nan sunan mutumin ne). Kowane abu ana masa tambaya biyu: yaya za ka ji in akwai shi, yaya za ka ji in babu shi? Amsoshin biyar ne: ina so, haka ya kamata dama, duk ɗaya ne a wurina, zan iya haƙura, ba na so. Haɗa amsoshin biyu ke nuna ajin abin. Wanda samunsa ba ya burge kowa amma rashinsa yana fusatarwa, wajibi ne, kamar kada lissafin mutum ya ɓace in wayarsa ta lalace. Wanda samunsa ke faranta rai, rashinsa kuma ya ɓata, shi ne fagen gasa da sauran kamfanoni. Wanda samunsa ke faranta rai amma ba a damu da rashinsa ba, ƙari ne na burgewa. Akwai kuma wanda ko oho. Zatona rahoton ribarku a aji na uku ko na huɗu zai faɗa, kuma tambayar "in babu shi fa?" ita ce da ta tona hakan. Wajibai ake fara cikawa. Sannan ajin ba ya dawwama: abin burgewa na bana yakan zama wajibi bayan 'yan shekaru, kamar yadda kyamara ta zama a wayar hannu.

Ma'aunin NPS (Net Promoter Score, mai auna yawan kwastomomin da za su tallata haja ga wasu) da Fred Reichheld ya gabatar a 2003 ya yaɗu ƙwarai, don haka ya kamata a san iyakarsa. Ana tambayar mutum, daga 0 zuwa 10, yaya yiwuwar ya tallata hajar ga aboki. Masu 9 da 10 magoya baya ne, masu 7 da 8 'yan ba-ruwanmu, masu 0 zuwa 6 masu kushe. A cire kason masu kushe daga kason magoya baya. Cikin mutum 200, in 90 magoya baya ne, 40 masu kushe, kashi 45 a cire kashi 20, maki 25 ke nan. Da wannan yawan mutanen, tazarar kuskurensa ta kai kusan maki 10, saboda haka tashi daga 25 zuwa 30 ba abin yin biki ba ne. Kuma lambar ba ta gaya muku abin da za ku gina. Amfaninta yana cikin tambayar da ke biye: "me ya sa ka ba da wannan makin?" Ga ƙaramin kamfani, na fi ganin amfanin tambayar da Sean Ellis ya shahara da ita: yaya za ka ji in aka wayi gari ba za ka iya amfani da wannan hajar ba? Shi ya ce in kashi 40 ko fiye sun zaɓi "zan ji takaici sosai", alama ce hajar ta samu kasuwarta. Ƙa'idar gogewa ce, ba doka ba, amma tana ware muku mutanen da ya kamata ku fi saurara.

Farashi shi ne inda baki ya fi saɓa wa aljihu. Kada a tambayi "nawa za ka biya?" kai tsaye. Hanyar Peter van Westendorp ta 1976 tana yin tambaya huɗu: a wane farashi zai yi arha har ka yi shakkar ingancinsa, a wane farashi za ka ce ka yi sa'a, a wane ne ya fara tsada amma za ka iya saya, a wane ne ya yi tsadar da ba za ka waiwaye shi ba. Tana ba da iyakoki na sama da ƙasa. Ainihin farashin sai an gwada da kuɗi a hannu.

Ko binciken da aka yi da kyau yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Kamfanin Coca-Cola ya yi gwajin ɗanɗano da mutum kusan 200,000 kafin ya sauya haɗin lemonsa a watan Afrilun 1985, kuma mafi yawa sun fi son sabon. Bayan kwana 79 sai da ya dawo da tsohon saboda boren masu saye. Gwajin ya auna wanda ya fi daɗi a kurɓi ɗaya, bai auna yadda mutane za su ji in aka ɗauke musu wanda suka saba da shi ba.

Shi ya sa tsakanin sakamakon bincike da wata huɗu na gini ake sa gwaji mai arha, gani ya kori ji. A sa maɓalli a manhajar mai rubutun "Rahoton ribar wata", wanda ya danna a gaya masa gaskiya cewa ana kan aikinsa, a tambaye shi ko yana so a sanar da shi. A nuna wa wani kaso kaɗan na mako biyu, a ƙirga masu dannawa. Ko a haɗa rahoton da hannu wa mutum 20, a tura musu ƙarshen wata, a ga nawa ne za su nemi na wata mai zuwa ba tare da an tuna musu ba. Wannan na biyun ya fi ƙarfi, domin danna maɓalli sau ɗaya yana iya zama son sani kawai.

Tunda kun riga kun gina sashen, kada ku yi saurin binne shi. Rashin amfani da abu yana da dalilai uku da ake iya rarrabewa: ba su san da shi ba, sun buɗe sun kasa, ko ba sa buƙatarsa. Bayanan manhajar za su nuna muku mutum nawa suka taɓa buɗe shafin ko sau ɗaya. In kaɗan ne ƙwarai, matsalar wurin da kuka ajiye shi ce, ku matso da shi shafin farko na mako biyu ku sake ƙirgawa. In sun buɗe ba su dawo ba, ku zaunar da mutum biyar ku ce kowanne ya nemo ribarsa ta watan jiya, ku yi shiru kuna kallo. Ku duba musamman ko rahoton yana buƙatar a shigar da kuɗin da aka sayo kowane kaya, domin in yawancinsu kuɗin sayarwa kawai suke rubutawa, ribar da zai nuna ba daidai ba ce, kuma ɗan kasuwa in ya ga lamba ta saɓa wa abin da ya sani sau ɗaya ba zai sake buɗewa ba. Daga ƙarshe ku koma kan mutum 112 ɗin da suka ce suna so, ku ware waɗanda ba su taɓa buɗewa ba, ku kira goma daga cikinsu a waya, ku tambaye su yadda suka san ko sun ci riba a watan da ya wuce.